Rediyon jirginka ya kurumce? Hau rufi kafin ka nufi kasuwa

Wani Alhaji da nake wa aiki a Apapa, mai kai kayan abinci da ruwan sha ga manyan jiragen da ke jiran layi a wajen tashar Legas, ya taɓa kirana da sassafe ransa a ɓace. Rediyo biyu ya saya a jere, sababbi fil a kwali, kuma kowanne aka ɗaura sai kyaftin ɗinsa ya dawo da kuka iri ɗaya: da zarar sun wuce Tarkwa Bay sun fita teku, ba ya jin komai sai shuuu, in ma an yi sa'a ya ji murya, a gutsuttsure take zuwa kamar ana tauna ta.

Ya ce, "Malam, ko dai duk jabu ake sayar mana ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in hau sama tukuna."

Ko taɓa rediyon ban yi ba. Na hau rufin ɗakin tuƙi, na warware baƙin salatif ɗin da aka naɗe a gindin eriya, sai ga ruwa yana ɗiga daga cikin waya. Ragar tagullar da ke cikinta ta zama koriya shar, tana marmashewa a yatsa kamar busasshen ganye. Da na bi wayar zuwa ciki sai na tarar an yi mata ƙari da wayar dish ta talabijin, an murɗe su da hannu an rufe. Tsohon rediyon da aka cire tun farko aka jefa ƙarƙashin benci, lafiyarsa ƙalau.

A Kano na koyi gyaran rediyo da talabijin, amma Legas ce ta koya mini gishiri. Abin da na gani a shekarun da na yi a bakin ruwa shi ne, akwatin rediyon VHF, wato rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi, shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, kuma shi ake fara zargi, don shi ne a gaban ido. Yana zaune a inuwa, a rufe, an ƙera shi don ya jure. Eriya da wayarta su ke kwana a waje, rana ta gasa su, damina ta jiƙa su, iskar gishiri ta lashe su dare da rana. Don haka ga yadda nake bi, daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da ke cin kuɗi.

Tambayar farko

Kafin ka ɗauki sukudireba, ka tantance wace irin cuta ce. Kai ne ba ka jin mutane, ko su ne ba sa jin ka, ko duka biyun? Kyaftin da yawa sukan ce "rediyo ba ya aiki" su tsaya nan, alhali amsar wannan tambayar ita ce rabin gyara. In duka biyun ne, ka zargi eriya da wayarta, don ta hanya ɗaya magana ke fita ta kuma shigo. In ana jin ka raɗau amma kai ba ka ji, to ka nemi matsalar a maɓallai, ko a hayaniyar da kayan wutar jirginka ke yi, ko a sifika. In kana ji amma ba a jin ka, wuta ce ko makirfo.

A nan ne mutane ke ruɗewa da maganar wat. Rediyon da ake ɗaurawa a jirgi yana fitar da wat 25 ko wat 1, na hannu da muke ce wa oba-oba kuwa wat 5 ko 6. Wannan ƙarfin murya ne, ba ƙarfin kunne ba. Ko ka danna 25W sau ɗari, ba zai ƙara maka jin kowa ba.

Ka ari oba-oba mai cikakken caji, ka tsaya da shi a bayan jirgi, ka sa su duka a tasha ɗaya mai yawan magana. A tashar Legas ba za ka rasa ba, tasha ta 16 ba ta yin shiru. In ɗan ƙaramin nan mai eriyar roba tsawon taƙi guda yana kama abin da babban rediyonka mai eriya a kan rufi ba ya kamawa, an gama gardama: akwai abin da ya lalace, ba nisa ba ne.

Maɓallan da yara ke murɗawa

Fara da SQL. Shi mai gadin ƙofa ne: yana hana ƙarar shuuu shigowa, ya bar murya ta wuce. In aka murɗe shi da yawa, sai ya hana har muryar da ta zo a raunane daga nesa, ya bar ka da ta jirgin da ke maƙwabtaka da kai kaɗai. Ma'aikatan jirgi suna son murɗe shi har ƙarshe don su yi barci. Ka mayar da shi baya har ƙarar ta ɓarke, sa'an nan ka dawo da shi a hankali, daidai inda ta ɗauke ka tsaya. Kada ka ƙara ko ɗigo. In ka buɗe shi gaba ɗaya, ka ƙara murya, amma ko shuuu ɗin ba ka ji ba, to sifika ce ko abin da ke tura mata sauti. Jona wata sifika ta waje a ramin da ke bayan rediyon ka gani. Wani lokaci ma ruwa ne kawai ya cika ragar sifikar, murya ta koma kamar ta mai magana cikin tulu.

Wasu rediyoyi suna da LO/DX. In yana kan LO, an rage masa ji da gangan, don kada manyan jiragen da ke kusa su toshe masa kunne a cikin tashar jiragen ruwa. Yana da amfani a tsakiyar Apapa, amma in za ka fita teku ka mayar da shi DX. Haka DW da SCAN: rediyon yana tsalle tsakanin tashoshi yana leƙawa, shi ya sa magana kan riƙa yankewa kamar ana tsinke ta. Kashe su. Ka kuma duba allon ko TX, alamar cewa rediyon yana aikawa, na kunne alhali ba wanda ke magana. Makirfo da aka cusa a tsakanin kujera da bango, ko wanda gishiri ya maƙale wa madanni, yana kurumtar da kai ya kuma toshe wa duk na kusa da kai tasha.

Sai wanda ya fi cin mutane, musamman masu sayen rediyon gwanjo daga Amurka. A allon za ka ga INT ko USA ko CAN, wato tsarin tashoshi na duniya, ko na Amurka, ko na Kanada. A ruwanmu INT ake amfani da shi. Dalili kuwa, tashoshin teku iri biyu ne. Akwai waɗanda ake magana ake kuma saurare a zango ɗaya, kamar 16 da ke kan megahaz 156.800, da 6, da 8, da 72, da 77. Akwai kuma masu zango biyu, na fita daban na shigowa daban, waɗanda aka tanada don magana da tashar tudu. Ɗauki 18: a tsarin INT jirgi yana aikawa a 156.900, yana saurare a 161.500. A tsarin USA kuwa 18A ce, aikawa da saurare duk a 156.900. To ka ga in rediyonka na kan USA, mutumin tudu zai ji ka sarai, ya ba ka amsa, kai kuwa kana sauraron wata ƙofa daban. Ta nan kuma za ka gane me ya sa jirage biyu da ke kallon juna, duk suna kan INT, ba za su ji juna a tasha mai zango biyu ba. Na taɓa ganin kyaftin biyu na kamfani ɗaya sun zaɓi irin wannan tasha wai don babu cunkoso a kanta, suka yi mako guda kowa na cewa rediyon ɗan'uwansa ne matacce.

Nisan da babu gyaran da zai ba ka

VHF ba kamar gajeren zangon da iyayenmu ke kama BBC da shi ba ne, wanda ke zuwa sama ya dawo. Shi miƙe yake tafiya, kusan iyakar ganin ido, ya ɗan zarce kaɗan. Duniya kuwa a lanƙwashe take. Saboda haka tsayin eriya daga kan ruwa shi ke yanke hukunci. Eriyar da ke mita 1 a kan ruwa tana kai kamar mil 2 na teku, ta mita 4 mil 4 da rabi, ta mita 9 mil 6 da rabi, ta mita 16 kusan mil 9, ta mita 36 kamar mil 13. Mil na teku mita 1,852 ne. Ka haɗa naka da na wanda kake kira, shi ne nisan da za ku ji juna. Ƙananan jirage biyu masu eriya a mita 4, mil 9 ne rabonsu. Amma kai ɗin nan za ka ji katafaren jirgin dakon kaya mai eriya a mita 36 daga mil 17 ko 18. Shi ya sa jin babban jirgi daga nesa da rashin jin abokinka a rabin wannan nisan ba alamar lalacewa ba ce. Kuma lura da lissafin: kafin nisan eriyarka ya ninka biyu, sai tsayinta ya ninka huɗu.

Ƙarfe yana tare shi. In ka raɓe a jikin babban jirgi kana sauke kaya, bangon ƙarfe ne mai tsayin bene tsakaninka da duk abin da ke ɗaya gefen. Tarin kwantena a Tin Can da dogayen gine-ginen Victoria Island haka suke yi. Matsa gaba kaɗan ka sake kira. Akwai kuma ranakun da yanayin iska kan ɗauko magana daga nisan da ba a saba ba, ka ji tashar da ba ka taɓa ji ba. Kada ka ɗauki wannan ranar ka mai da ita ma'auni.

Yanzu hau rufi

Ka kashe na'urar rada mai hango jirage in akwai, ka kuma gaya wa yaronka kada ya kuskura ya danna makirfo kana riƙe da eriya.

Tsaye take? Wannan ba tambayar raini ba ce. Ana kwantar da eriya don wucewa ƙarƙashin gada a manta ba a tayar ba. Wasu kuma da gangan suke karkatar da ita baya don jirgi ya yi kyau a hoto. Saƙon VHF na teku a tsaye yake tafiya, eriyar da ke kwance kuwa kaɗan take tsinta daga cikinsa. Kuma gwargwadon tsawon eriya, gwargwadon yadda karkata ke cutar da ita. Gajeriyar nan ta ƙarfe mai kamar mita 1, da ake rubuta wa 3 dB (ma'aunin yadda eriya ke matse saƙo), tana baza saƙonta da faɗi. Doguwar fara mai mita 2.4, ta 6 dB, tana matse shi ya zama kamar faifai, ya yi nisa amma siriri. A kan jirgi mai nauyi da ba ya rawa sosai, doguwar ta fi. A kan ƙaramin jirgi da igiyar ruwa ke wasa da shi a bakin mashigar Legas, faifan nan sai ya riƙa kallon sama yana kallon ruwa, magana tana zuwa tana ɗaukewa daidai da rawar jirgin. In ka lura yankewar tana bin kaɗawar igiyar ruwa, ga dalilinka nan. Ni a irin waɗannan jiragen gajeriya nake sawa, in ɗaga ta sama a kan sanda, ko da mai jirgi zai ɓata fuska don ba ta cika ido ba.

Duba jikinta. Farar eriya in rana ta cinye ta, fentin yakan tashi, zaruruwa su fito, ta tsage, ruwa ya shiga. Kwance ta ka girgiza kusa da kunne: in ka ji ƙaras-ƙaras ko motsin ruwa, ta gama aiki. Duba kuma maƙwabtanta. Kada ta jingina da sandar ƙarfe ko ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da wata eriya. A ba ta aƙalla mita guda daga duk ƙarfen da ke tsaye, eriyar AIS kuwa, na'urar da ke sanar da sauran jirage inda jirginka yake, a nisanta ta iya yadda rufin ya ba da dama, don zangonta, megahaz 161.975 da 162.025, a cikin gida ɗaya yake da na rediyonka.

Sai wayar, inda gizo ke saƙa. Wayar eriya tana da ƙwaya a tsakiya, da farin roba kewaye da ita, da ragar tagulla, da riga a waje. Dole ta zama mai om 50, ma'aunin da ke sa waya ta dace da rediyo da eriya. Wayar dish da ta talabijin om 75 ce, kuma yawancinta ragar alminiyom ce da ƙwayar ƙarfe da aka shafa wa tagulla, abin da gishiri ke cinyewa kafin ka ankara. Kai mata maganaɗisu: in ƙwayar ta kama, ba tagulla ba ce. Araha dai ba ta ado. Ko a cikin masu om 50 ɗin ma akwai bambanci. Siririyar RG-58, wadda ke zuwa manne da yawancin eriya, tana shanye kusan rabin ƙarfin saƙo a tsawon mita 15, kuma tana sabuwa ke nan. Mai kaurin RG-213 asararta kamar rabin wannan ce, RG-8X kuma tana tsakaninsu. In tsakanin rediyo da eriya mita 5 ne ko 6, RG-58 ta wadatar. In ya yi tsawo, a sa mai kauri. Kuma wannan asarar hanya biyu take ci, abin da ka aika da abin da aka aiko maka.

Bi wayar da hannunka daga sama har ƙasa, kada ka yarda da ido kawai. Nemi inda ƙofa ko murfi ya matse ta, inda aka lanƙwasa ta kwana mai kaifi, inda ta goge a bakin rami, da gindin eriya inda take lanƙwashewa duk lokacin da aka kwantar aka tayar. Duk inda riga ta tsage, ruwa ya shiga, ragar kuma tana jan ruwa kamar lagwanin fitila, ta kai shi mita da yawa cikin waya. Yanke kan ka fere. Tagulla mai ƙyalli, lafiya. Baƙa ko koriya, ƙara yankewa. In ka ci mita guda ba ka iske mai ƙyalli ba, daina wahalar da kanka, sauya wayar gaba ɗaya. Kada ka yi ƙari in da hali, kowane haɗi ƙofa ce ta ruwa.

Kan wayar da ake murɗawa a bayan rediyo PL-259 ne sunansa, kuma ba a yi shi don ya hana ruwa ba. Kwance shi ka leƙa. Farin gari, kore-kore, ko ƙwayar da ke motsi in ka taɓa, duk sun isa su kurumtar da rediyo. Ga wata dabara da ba ta buƙatar kayan aiki: sa tasha mai magana a raunane, ka zura tsinin tsakiyar kaɗai a ramin rediyon ba tare da zoben waje ya taɓa ba, ka saurara, sa'an nan ka tura ka murɗa zoben. A tsari mai lafiya, magana takan ƙara fitowa ko ta tsaya yadda take. In kuwa kana ji da tsini kaɗai, zobe na taɓawa ta ɗauke, to ƙwaya da raga sun haɗu a wani wuri. Saurare kawai za ka yi a wannan gwajin. Kada ka danna makirfo eriya ba ta jone sosai ba.

Da mitar gwaji kuma akwai tarkon da ya sa aka zubar da eriya masu lafiya da yawa. Ka auna tsakanin ƙwaya da raga, mita ta yi ƙara, ka ce an samu haɗuwa. Ba lallai ba. Eriyar teku da yawa haka aka ƙera su, akwai naɗin waya a cikinsu da ke nuna wa mita kamar a haɗe suke, wasu kuma a buɗe suke nunawa. Sai ka raba wayar da eriya ka auna ta ita kaɗai: tsakanin ƙwaya da raga kada a samu komai, daga wannan kai zuwa wancan kuwa ƙwaya ta bi, raga ma ta bi.

Mitar SWR ita ce ke faɗin yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido. A tabbata ta VHF ce, ba irin ta megahaz 27 ba. Jona ta tsakanin rediyo da waya, ka zaɓi tashar da ba kowa, ka danna a taƙaice. In ta nuna 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, babu damuwa. A 2, kamar kashi 11, ana iya tafiya amma a bincika. A 3, kashi 25 ne, kuma rediyo da kansa yakan rage ƙarfi don ya kare kansa. Amma ita ma tana ƙarya. Wayar da ta sha ruwa tana cinye saƙon a tafiya ta cinye na dawowa, sai mita ta ga babu abin da ya dawo ta nuna maka lamba mai kyau. Wayar Alhajin nan da na gwada ta don yarona ya gani, lamba mai daɗi ta bayar. In kana shakka, ɗauki mitar ka hau da ita, ka auna wat nawa ke isa gindin eriya cikin 25 ɗin da suka baro ƙasa.

In za ka ɗaura sabon kai, ka yi a natse. Silin raga guda ɗaya, siririn da ido ba ya gani sosai, in ya taɓa ƙwaya ya kashe aikin. Zafin dalma in ya yi yawa yana narkar da farin roban ciki. Auna da mita kafin ka jona. Sa'an nan duk haɗin da ke waje ka naɗe shi da tef ɗin roba mai narkewa cikin kansa, wanda ake ja ya miƙe kafin a naɗa, daga kan ƙarfe har ka hau rigar waya sosai, ka bi shi da baƙin salatif don rana. Salatif shi kaɗai tarkon ruwa ne, yana barinsa ya shiga ya hana shi fita. Kada ka shafa silikon ɗin nan mai warin tsami, yana cin tagulla. Kafin wayar ta shiga rufi, ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa, don ruwan da ke bin jikinta ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta ciki.

Na kan bar wa kowane jirgi eriyar ko-ta-kwana, kuma ita ce alƙalina in ana gardama. Guntun RG-58 mai kai a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ka fere riga santimita 48, ka juyo da ragar baya ta lulluɓe rigar, ƙwayar mai santimita 48 ta tsaya a sama. Rataye ta a tsaye a jikin gora ko sandar roba, nesa da ƙarfe. In rediyon ya farfaɗo da wannan, ka san inda kuɗinka zai tafi.

Hayaniyar cikin gida

Akwai jirgin da ke ji lafiya da rana, magariba na yi ya kurumce. Masu shi har sun fara maganar iskoki. Fitilu ne. Ƙwan LED da yawa suna da ɗan da'irar wuta a ciki mai fitar da ƙara a daidai zangon VHF, kuma sau da yawa fitilar saman tana dab da eriya. Ba a nan kaɗai ba ne: a watan Agustan 2018 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kan yadda fitilun LED ke toshe VHF da AIS. Muguntar abin ita ce ba lallai ka ji ƙarar ba. SQL yana ɓoye ta, kai dai sai ka ga muryoyin nesa sun ɓace.

Gwajin mai sauƙi ne. Kashe inji da komai, ka bar rediyo kaɗai. Sa tashar da ba a magana, ka daidaita SQL daidai bakin inda shuuu ta ɗauke. Sai ka riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya: fitilun tafiya, fitilar haskawa, na'urar auna zurfi, famfon kwashe ruwa, inbata, firij, da cajojin waya da ma'aikata ke cusawa ko'ina. Wanda ka kunna ƙara ta ɓarke, shi ne. A gwajina cajar waya mai arha ta fi kowa laifi, sai fitila, sai akwatin da ke sauke bol 24 zuwa 12. Maganinsu sauyawa da mai kyau, ko nisanta su da eriya da wayarta. Zoben ferait da ake maƙala wa wayar wuta yana ragewa, amma ba ya mai da mugun ƙwai nagari.

Daga nan tayar da inji. Kukan da ke tashi yana sauka tare da totur, altaneta ce. Ƙas-ƙas-ƙas mai saurin bin inji a injin fetur, fulogi ne. A sa masu harafin R a lambarsu. Kada kuma a ɗaure wayar eriya dami ɗaya da wayoyin inji da na batir. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce.

Wuta

Wannan ya fi shafar wanda ba a jin sa, amma a duba. Rediyo yana saurare da 'yar wuta kaɗan, in ka danna a wat 25 kuwa yana jan amfiya 5 zuwa 6. Sa mita a wayoyin da ke bayan rediyon, ba a kan batir ba, ka danna. Batir cikakke a hutawa yana nuna kamar bol 12.6, inji na tafiya ya haura 13 da rabi. In ka danna ka ga lamba ta zube ƙasa da 12, ko hasken allo ya dushe, ko rediyon ya mutu ya farfaɗo, bi layin: gidan fis da ya yi tsatsa, kan batir mai farin gari, waya siririya da aka ja daga nesa, ko wayar da aka ɗano daga bayan wani makunni. In ana jin alamar ka danna amma murya ba ta zuwa, ko tana yankewa in ka ja makirfo, murɗaɗɗiyar igiyarsa ce ta karye a ciki, galibi dab da inda ta shiga.

In duk wannan ya wuce lafiya, eriyar ko-ta-kwana ma ba ta canza komai ba, sa'an nan ne zan kalli akwatin. Yakan faru. Aradu ba sai ta faɗo a kan jirginka ba, in ta sauka kusa tana iya ƙona ƙofar shigar saƙo, rediyo ya ci gaba da aikawa lafiya amma ba ya jin kowa sai na kusa. Bayan hadarin watan Yuni da Yuli nakan samu irinsu. Ciro shi ka jona a jirgin da aka san eriyarsa lafiya take, ko ka kawo nasu ka jona a naka. Minti goma ne, kuma ya fi duk wani zato.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi da jirgin da ke ɗaure kusa da kai. A wannan tazarar ko babu eriya za ku ji juna. Nemi wanda ke mil 5 ko fiye, ku yi alkawari a tasha irin 72 ko 77, ka kira a wat 25, sa'an nan ka sauka wat 1 ka ji ko har yanzu yana kama ka. Kada ku mai da 16 wurin gwaji, ta kiran gaggawa ce, kuma kada ka ɗaga jan murfin da ke kan maɓallin neman ceto ka danna don ka ga ko yana aiki: kiran neman ceto ne na gaske yake fita a tasha ta 70, ɗauke da lambar shaidar jirginka, MMSI, mai alƙaluma tara, wadda a jiragen Najeriya ke farawa da 657. Ka rubuta a littafin jirgi inda ka tsaya, wa ka kira, nisan nawa, da abin da mitar SWR ta nuna, don in an sake kuka bayan damina a san daga ina aka faro.

Jirgin Alhaji waya mita 8 ya ci, da kai biyu, da naɗin tef guda. Muka mayar da tsohon rediyon da ke ƙarƙashin benci. Kyaftin ya kira daga wajen mashiga, muka ji shi a Apapa kamar yana bayan ƙofa. Ɗaya daga cikin sababbin an kai shi ɗaya jirgin nasa, na biyun yana shagona a kwalinsa, Alhaji ya ce in nemo masa mai saye.